Kifin Abba da Ludayin Amma

Maimansing,
cikin watan Srabon na tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanena Anisur, wanda mu a gida ba mu san shi da wani suna ba sai Tutul,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Lubna da ɗanmu Ifti, Ya kare ku daga sharrin baƙunta, Ya sa albarka a cikin wahalar da kake sha a can Italiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwa. Damina ta kankama sosai, layinmu ya cika har masu keken riksha sun fara yi mana yanga, sai wanda suka ga dama suke ɗauka. Mijina Delwar yana lafiya, in ka cire gwiwar nan tasa da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Fufu Jobeda, ƙanwar Abba, ta zo daga ƙauye a duba mata ido, an duba an gama, amma har yau ba ta ce ga ranar komawa ba, kuma ka san bakinta. Abba kuwa jiki da sauƙi. Hannun dama dai yana nan yadda ciwon ya bar shi, amma harshe ya saki, yanzu har faɗa yana yi, kuma za ka ji wanda ya fara yi wa.

Na ba Kamrul, ɗan maƙwabtanmu da zai koma wajenku, wannan takarda tare da ƙullin busasshen kifi da yajin mangwaro. Kada ka yi mamakin ganin rubutu alhali kowace Juma'a muna ganin juna a waya. A wayar nan ni ba na samun bakin magana. Da na ɗauka, kafin in gama amsa sallama ka ce, wai Apa, wato Yaya, juya wayar in ga Abba, da ka ga Abba kuma sai a juya ta wajen kifi, ni na koma sandar riƙe waya ke nan har a gama. Maganar da ke gabanmu ka san ta: ka gama shirin takardu kana so Abba ya koma wajenka kafin sanyi ya shigo, ka ce a ba ka amsa. To ya ba da amsa, kuma ni ya ce in rubuta maka. Amma wallahi sai ka karanta duk abin da ke cikina tukuna, kada ka yi tsalle zuwa ƙarshe, na san halinka tun kana yaro, kai ne mai fara cin ƙwai ka bar shinkafa.

Bari in faɗa maka a fili, Tutul, kishinka nake yi. Ba na jin kunyar rubuta shi, na gaji da haɗiye shi. Tun da mahaifiyarmu Amma ta rasu ciwon nan ya kada Abba, ni na je ƙauye na ɗauko shi, Delwar ya goya shi a baya har hawa na uku. Ni ke masa wanka, ni ke yanke masa farce, ni ke zama in tsince ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya kafin in sa masa loma a baki. Duk tsawon lokacin nan mutumin nan bango yake kallo. In na ce Abba ga shayi, ya ɗaga kai. In na ce Abba da zafi, ya girgiza kai. Shi ke nan hirarmu. Sai ga ka ka sauka da Babbar Sallah kana ƙamshin turare, ka shiga kasuwa ka dawo da akwatin gilashi da kifi biyu a leda. Da ma wani kifin a-zo-a-gani ne da sauƙi, kolisha fa! Kolishan da ake tarewa da gamca, ɗan tawul ɗin nan na wuya, a kwatar gonar shinkafa, wanda Amma ke soyawa da albasa ranar da babu abin kirki a gida. Ka zuba su a ruwa, suka yi juyi biyu, sai na ji Abba ya yi dariya. Ina bakin ƙofar kicin da cokali a hannu na ji ta, dariyar da na yi ta nema ban samu ba. Na yi hamdala, Allah shaida ne, amma a ƙarƙashin hamdalar akwai ɗaci, kuma tun ranar bai gushe ba.

Ba ka nan aka raɗa musu suna, don haka bari ka ji. Jan nan mai ratsin shuɗi, ɗan gayu mai yawo a gaban gilashi yana baza jela, Abba ya ce wannan Tutul ne. Ɗayar kuwa, mai launin toka kamar tsohon kwano, wadda kullum take laɓe a bayan ciyawa, ya nuna ta da yatsa ya ce ga Moyna, sunan da ake kirana da shi a gida. Delwar ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ni ma na yi, ta yaƙe. Kai ka hau jirgi ka tafi da godiya, aikin kuwa ya faɗo a kaina. Ruwan famfo ba a zuba musu sai ya kwana a bokiti, saboda maganin da ake sa masa yana ƙone su. Kowace Juma'a in zuƙe kashi ɗaya cikin uku in zuba sabo a hankali ta gefen gilashi, don kada su firgita. Abinci ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, in ya wuce haka ruwa ya yi wari. Murfi ba a rufe shi ruf, tunda su suna hawowa sama su shaƙi iska kamar mutane. Injin nan mai ƙugi da ka haɗo da shi, Abba ya sa an kashe tun mako na farko, ya ce kolisha ba kifin ruwa mai gudu ba ne. Sannan ya ce sai an sa musu kainuwa a sama su sami inuwa. Ni Hosneara, matar aure da furfura ta fara fito wa, na tattare zani na shiga tafkin bayan masallaci ina tsamo kainuwa, masu riksha suna tsaye suna tambayata wai Apa miyar me za a yi yau. Duk da haka, kowane baƙo ya shigo sai Abba ya nuna gilashin ya ce ɗansa ne ya kawo masa daga Turai. Daga Turai! Kifin da aka saya a bayan tashar jirgin ƙasa.

Ba zan yi musu ƙarya ba, kifayen suna da shiga rai. Ba su da hayaniya, ba sa tsere, tafiya suke a natse, kuma suna da wasu zare biyu a ƙirji da suke miƙawa su taɓa ciyawa, su taɓa gilashi, su taɓa juna kamar masu gaisawa. Wani lokaci in na gama wanke-wanke nakan tsaya in kalle su, sai in tuna sunan wa jan yake ɗauke da shi, in ja tsaki in wuce.

Da ruwan sama ya fara sauka sai na ga wata kumfa tana taruwa a kusurwar gilashin, ƙarƙashin kainuwa. Kai da bakinka ka ce min, Apa tsabta, tsabta ita ce ran kifi. Kuma ka tuna Amma da tukunyar dal, miyar waken nan tata. Ko tana can ƙarshen tsakar gida tana jin tafasa za ta ɗaga murya, wai Moyna kwashe kumfar nan, macen da ta bar kumfa a kan dal ba ta san girki ba. Da wannan aka raine ni. Duk kumfar da na gani a saman ruwa hannuna da kansa yake neman ludayi. Saboda haka kowace safiya bayan na idar da sallah, kafin in shiga in shirya Abba in turo shi falo a kujerarsa mai taya, sai in ɗauko ludayin Amma, wanda na taho da shi daga ƙauye, in kwashe kumfar tas in watsar a kwata, in goge gilashin har ya yi ƙyalli. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa a raina ko ba a gode min ba, ba dai a ce kifin Tutul ya mutu a hannuna ba. Da la'asar kumfar ta dawo. Washegari in sake kwashewa. Har mai shagon kifi sai da na zage shi a zuciyata, na ce gurɓataccen abinci ya sayar mana.

A cikin kwanakin nan ne Abba ya fara komawa gidan jiya. Da yamma zai zauna ya zura wa kusurwar nan ido fuskarsa a sake, da safe in na turo shi ya duba sai in ga ya sunkuyar da kai. Ya fara rage shinkafa. Na tambaye shi ko wani wuri ke ciwo, ya ce babu. Wata rana ina bayan labule ina ninke kaya na ji yana faɗa wa Delwar, ba ni ba fa, Delwar, wai gidan sama gidan sama ne, ba abin da ke kama ƙasa a cikinsa, ko kifi ya gane haka, yana farawa yana fasawa. Sai kuma na ji ya tambaya wai garin su Tutul akwai kogi kuwa, kuma sanyin da ake faɗa har cikin ɗaki yake shiga? Juma'ar da ta biyo baya ka ji shi da kunnenka yana cewa zai duba maganar, ka yi ta murna, Lubna ta zagaya da waya tana nuna masa ɗakin da ta gyara, ga gado mai ɗagawa, ga taga mai kallon bishiyoyi. Ni ina riƙe da wayar, kai kana cewa Apa daidaita mana, hoton yana motsi. Na ce a raina shi ke nan, ni na yi jinyar, an fara samun sauƙi, yanzu mai turare zai zo ya ɗauke. Washegari na tafi kasuwa na saya masa hular ulu mai rufe kunne. Mai shagon yana ta zuba min surutu wai wa zai hau dutsen ƙanƙara da damina, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin launin da na zaɓa.

Zuwan Fufu Jobeda ne ya tona komai. Ka san ita ba ta komawa barci bayan asuba, kuma ba ta ƙaunar ta ga wani yana kwance. Rannan kawai ta shige ɗakin Abba ta tashe shi, ta ɗora shi a kujera, ta turo shi falo wai ya sha iskar safe. Suna fitowa suka same ni tsaye a kan gilashi, murfi a hannun hagu, ludayi cike da kumfa a hannun dama. Tutul, tun da ciwon nan ya same shi ban taɓa jin murya irin wannan ta fito daga ƙirjinsa ba. Ya buga hannun kujera, ya kira ni da cikakken sunana, Hosneara Begum, kamar mai kiran ɓarawo a kasuwa. Ya ce ashe ni ce, ashe duk kwanakin nan ni ce nake rushe masa gida. Na tsaya baki buɗe ban san laifina ba. Fufu kuwa dariya ta kada ta har ta zauna daɓas a ƙasa tana dukan cinya, tana cewa wayyo cikinta, birni ya cinye wa yarinyar nan ƙwaƙwalwa, 'yar masunci guda tana kwashe sheƙar kolisha da ludayin dal. Da ta samu numfashi ta ce min wannan kumfa ɗaki ne, namijin ne ke hawowa ya guntsi iska ya tofa ƙwaya ɗaya ɗaya yana liƙawa a jikin ciyawa, don a ciki ake ajiye ƙwai, kuma duk ɗan da aka haifa a bakin haor, fadamar nan tamu da damina ke mayarwa kamar teku, ya san haka.

Nan fa nawa bakin ya buɗe. Na ce ɗa dai, Fufu, ɗa namiji. Na ce yaushe aka taɓa sa ni a kwale-kwale? In damina ta cika haor har ba a hango ɗaya gaɓar, wa Abba yake ɗagawa ya ɗora a gaban jirgi? Tutul. Ni aikina in biyo su da ƙullin shinkafa har bakin ruwa in miƙa, in tsaya ina kuka ina kallo suna ƙanƙancewa, sannan Amma ta kira ni in zo in hura wuta. Ita Fufu ai da ƙarfin hali ta riƙa bin yayyenta tana shan duka, ni ban da wannan taurin kan. Na ce ni kolisha a kasko kawai na san shi, kuma a kasko ba ya gina ɗaki. Abba dai ya miƙo hannun hagu ya ce in ba shi ludayin. Na ba shi, ya soke shi a gefen kujerarsa, kuma har yau da nake maka rubutu yana can, da cokalin shayi nake kwashe kumfar dal.

Da aka bar bawan Allah ya yi aikinsa, cikin ɗan lokaci kumfar ta yi tudu kamar an kife ƙaramin kofi. Takwaranka ya ƙara ja, maƙogwaronsa ya yi shuɗi har ya kusa baƙi, ya dinga kai da komo gaban takwarata yana karkace jiki. Ita kuma da farko ta yi kamar ba ta gan shi ba, daga baya ta biyo shi ƙarƙashin kumfar, ya naɗe ta. Fufu ta ja mayafi ta rufe fuska tana astagfirullah, amma ido ɗaya yana waje, kuma ba ta matsa daga wurin ba har aka gama. Ƙwai suka fito ƙanana kamar garin gero, shi kuma ya bi su yana tsincewa da baki yana kaiwa cikin kumfa. Daga nan ya kafe a ƙarƙashin sheƙar, ba ci ba yawo, in ƙwai ɗaya ya zame ya cafke ya mayar. Abba ya dinga kiran kowa ya zo ya gani, yana cewa ku dubi Tutul, ko abinci ba ya ci, ko nan da can ba ya zuwa, haka ake riƙon gida. Na haƙura, na haƙura, na kasa. Na ce Abba, a gidan nan dai wanda ba ya ci a kan lokaci kuma ba ya zuwa ko'ina ba Tutul ne sunansa ba. Delwar ya take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Abba ko waiwayowa bai yi ba.

Abin da ya fi ci min rai yana gaba. Da ya gama da ita, sai jan nan ya juya wa macen baya. Da ta matso ya kore ta, ya bi ta har bayan ciyawa yana sara, kafin azahar ya yaga mata jela. Abba ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, wai a cire Moyna, aikinta ya ƙare, zamanta a ciki fitina ne. Na san kifi yake nufi, ban haukace ba tukuna. Amma ka sa kanka a matsayina, ga hular ulu a cikin akwati, ga ɗaki an gyara a Italiya, sannan a ce da hannunka za ka kamo mai sunanka ka fitar. Na ɗauko tsohuwar tukunyar ƙasa da muke sanyaya ruwa, na ɗebi ruwan gilashin na zuba, na kamo ta da tafin hannu na saka, na tura tukunyar bayan ƙofa. Ranar Juma'a ce, ka kira, kuka yi ta tafi kai da Ifti kuna kallon kumfa, ba wanda ya tambayi ina ɗayar take. Da aka kashe waya ban ce wa kowa uffan ba, na hau rufin bene kwashe shanya, na zauna a kan tankin ruwa har yayyafi ya jiƙa kayan da na je kwashewa. A can na yanke shawara, na ce ya tafi ɗin, Allah Ya raka taki gona, ni ma in huta. Na sauko na ci gaba da aikina, ina ba shi abinci ina masa wanka, amma na kulle bakina.

Ban lura da wuri ba, don fushi ya rufe min ido. Delwar ne ya ce min in duba inda tukunyar take. Ashe Abba ya sa ya ɗauko ta daga bayan ƙofa ya ajiye a kan ɗan benci, dab da kujerarsa ta gefen hannun da ke aiki. Ya cire gamcan da ke wuyansa ya rufe bakinta ya bar ɗan wuri, wai kolisha in ta ji kaɗaici tsalle take yi ta faɗo waje. Ya aiki Delwar gindin bishiyar katbadam ta bakin masallaci ya tsinto busasshen ganye ya jefa a ciki, ruwan ya yi launin shayi, ya ce yana warkar da yagewar jela. Abincinta kuwa ya hana kowa bayarwa, shi yake ɗauka da hannun hagun nan mai karkarwa, rabi ya zube a cinyarsa rabi ya shiga ruwa. Sannu a hankali kujerar ta juya, har ya zama gilashin yana bayansa, shi yana sunkuye a kan tukunyar da ba a ganin komai a ciki sai duhu. Fufu ta ce masa wai Yaya ka bar talabijin ka koma leƙen rijiya. Ya ce mata ta yi masa shiru, na gilashi yana da masu kallo har a Turai.

Ƙwan suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka fito kamar gashin ido, sai ka ƙura ido kafin ka gan su. Da suka fara watsewa daga kumfar, takwaranka ya rikice, yana kamowa yana mayarwa suna sake fita, har Fufu da sabon idonta ta rantse ta ga ya haɗiye biyu bai tofo ba. Abba ya waiwaya ya duba, ya ce a cire shi shi ma, haka suke, in aka bar shi sai ya cinye su. Na tambaya, kuma wannan ce magana ta farko da na yi masa ba ta abinci ko magani ba, na ce a haɗa shi da ita a tukunya? Ya ce a'a, a sa shi a bokiti a kai baranda, Tutul ya saba zaman waje. Ka yi haƙuri ƙanena, amma dariyar da na yi har maƙwabta sai da suka ji. Kada ka damu, ina ba shi abinci a kan lokaci, kuma na sa masa kainuwa. 'Ya'yan kuwa gwaiduwar dafaffen ƙwai nake murza musu a ruwa in ɗiga da tsinke, aiki ya ƙaru a kan wanda ya saba.

Shekaranjiya da hantsi, bayan na gama masa wanka, na ɗauko hular ulun na ce bari in gwada masa, in ba ta yi ba in mayar tun da sauran lokaci. Na sa masa, ya sa hannu ya cire ya ajiye a cinya. Na miƙa hannu zan ɗauka sai ya riƙe min wuyan hannu, ya ce in zauna. Na zauna a ƙasa kusa da tukunyar. Maganar ta fito masa da ƙyar, yana yi yana hutawa, amma ba kalmar da ta ɓace min. Ya ce kai yanzu ta gilashi kaɗai yake samunka, ko na waya ko na kifi, shi ya sa yake zura ido, yana tsoron in ya ɗauke kai ka ɓace. Ya ce ni kuwa bai taɓa tunanin ina bukatar kallo ba, sai ranar da ya ce a cire kifin nan ya ga na fita ban ce komai ba, ni da ko tukunya ce ta ƙone sai na yi mata faɗa. Sannan ya ce maganar da na faɗa wa Fufu ta bakin ruwa ya ji ta, kuma bai manta ba, yana tuna wata 'yar yarinya da jan zani tana tsaye a laka da ƙullin shinkafa, shi yana tuƙi yana jin kukanta har tsakiyar haor, bai taɓa juyowa ba. Ya ce in rubuta maka in ce Allah Ya yi maka albarka, kai da Lubna, ɗakin da aka gyara a sa Ifti a ciki. Ya ce shi ya gama shiga jirgi yana barina a gaɓa.

To ka ji amsarka. Na kifa kai a gwiwarsa na jiƙa masa lungi, zanen da na ɗaura masa yanzu-yanzu, sai da na sake canza masa wani. Kada ka yi fushi da shi, kuma kada ka rage kiran Juma'a, don tun Alhamis yake fara tambayar ko an sa wa waya caji. Na san abin da za ka ji in ka kai nan, na san ɗacinsa sarai, na daɗe ina sha, kuma ban san maganinsa ba balle in aiko maka. Ni ma kada ka ɗauka na warke. A cikin 'ya'yan kifin akwai ɗaya da ya fi sauran girma da zafin nama, jiya na ji Abba yana kiransa Ifti, alhali ni ma ina da 'ya, kuma ya san sunanta. In Allah Ya kai mu damina mai zuwa ka nemi hutu ka zo, ka zauna kusa da shi inda hannunsa zai kai gare ka, ni kuma in juya maka waya in ka so.

Ka gaida Lubna sosai, ka ce mata na gode da wahalar da ta yi, kuma yajin mangwaron nata ne, kada ka cinye. Ka shafa min kan Ifti, ka ce ni Fufunsa ina ajiye masa kifi. Delwar yana gaishe ka, haka 'yata Jhuma daga makaranta, kullum sai ta tambayi kawunta na Italiya. Fufu Jobeda ta ce a gaya maka ka yi ƙiba a waya, kuma a aiko mata da man zafi. In ka kwance ƙullin, a ƙarƙashin busasshen kifin za ka ga leda, hular ulun ce. Abba ya ce a ba ka, kai ne ke cikin sanyi.

Allah Ya tsare min kai, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ta goya ka kafin ka san hanyar jirgi,
Moyna